Yadda Ake Zaɓen Laburaren Sautin Wasan Kwamfuta Da Zai Yi Aiki A Kan Na'urori Iri-Iri Kuma Ya Daɗe Yana Aiki

Yawancin masu fara ƙera wasannin kwamfuta da kunne suke zaɓen laburaren sauti, wato tarin kod da wasu suka riga suka rubuta wanda wasa ke amfani da shi don fitar da sauti. Da zarar sun saurari gwajin da masu laburaren suka shirya, suka ji amsa-kuwwa da sautin da ke zagaye kai, shi ke nan sun yanke shawara. Amma ƙorafin da ke biyo baya idan wasa ya shiga hannun jama'a ba ya cikin wannan gwajin: sauti ya ɗauke bayan an cire hedifon, wasa ya ƙi buɗewa a kwamfutar da ba ta da lasifika, ko kuwa bayan wasu shekaru sabuwar sigar Android ko macOS ta ƙi karɓar laburaren, alhali wanda ya rubuta shi ya daɗe da barin aikin. Tambayoyi biyu ne suka kamata su jagoranci zaɓenka. Me laburaren yake yi idan na'urar da ke ƙarƙashinsa ta canza? Kuma idan mai shi ya tafi, za ka iya sake gina shi da hannunka?

Abin da kake buƙatar sani kafin farawa kaɗan ne. Laburaren sauti yana da hawa biyu. Hawan sama shi ne ke buɗe fayilolin sauti, ya gauraya su, ya rage ko ya ƙara ƙarfinsu gwargwadon nisan abu da ɗan wasa. Hawan ƙasa shi ne ke miƙa abin da aka gauraya ga babbar manhajar na'ura, kamar Windows ko Android, ta wata ƙofa da ita babbar manhajar ta tanada. Kusan duk matsalar dacewa da na'ura a hawan ƙasa take, don haka can za mu fi zama.

Kayan aiki

Kana buƙatar kwamfutar da kake aiki da ita, da kuma wata tsohuwa mai rauni wadda ta yi daidai da mafi ƙarancin na'urar da ka yi alkawarin wasanka zai hau. Ka tanadi hedifon mai waya, da hedifon na Bluetooth mai makirufo, da ƙaramin katin sauti na USB, da talabijin ko allo mai fitar da sauti ta HDMI. Idan wasan zai fita a Android, ka nemi wayoyi aƙalla biyu na kamfanoni daban-daban, ɗaya tsohuwa ɗaya sabuwa, domin wayar kwaikwayo da ke cikin Android Studio ba ta nuna halin direban sauti na ainihin waya.

A ɓangaren manhaja kuwa, kana buƙatar kwamfailar da kake gina wasanka da ita, wato manhajar da ke mayar da kod ya zama shiri mai aiki, da Git mai adana tarihin canje-canjen kod, da Audacity don yin fayilolin gwaji da auna su, da fayil ɗin rubutu ɗaya inda za ka riƙa ajiye sakamakon kowane gwaji tare da sigar laburare da sigar babbar manhaja. Wanda ba shi da kwamfuta ta biyu yana iya saka Linux a kan filashi ya tayar da kwamfutarsa da shi. Wannan ya fi VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, amfani a nan, domin VirtualBox katin sauti na ƙarya yake nuna wa wasa, kuma jinkirin da za ka auna a cikinsa ba abin dogara ba ne. Wanda ba shi da lasifikan zagaye masu tashoshi shida kada ya saya don gwaji kawai. Mataki na 6 ya kawo dabarar da za ta maye gurbinsu.

Mataki na 1: Rubuta jerin na'urorin da za ka ɗauki nauyinsu

Ka rubuta sunan kowace babbar manhaja, da mafi tsufar sigar da za ka karɓa, da nau'in furosesa. "Windows" kawai bai isa ba. Rubuta misali Windows 10 da 11 a kan x64, sannan ka yanke shawara ko za ka kula da Windows a kan ARM. Haka macOS: Intel da Apple silicon, ko na biyun kaɗai. Ka raba jerin gida biyu, na ranar fitowa da na wataƙila nan gaba. Idan PlayStation, Xbox ko Nintendo Switch suna cikin gida na biyu, ka sani tun yanzu cewa kayan aikinsu suna ƙarƙashin yarjejeniyar sirri, kuma FMOD da Wwise, manyan laburaren sauti na kasuwanci, suna da sigoginsu a shirye ga wanda ya sami izini, alhali ƙananan laburare na kyauta sukan bar maka aikin rubuta hawan ƙasa da kanka.

Mataki na 2: Gano ƙofar da laburaren ke bi a kowace babbar manhaja

Kada ka tsaya ga jimlar da ke cewa laburare "yana aiki a Windows, Linux da Android". Buɗe takardun bayaninsa, ko rubutun tushensa idan a buɗe yake, wato ainihin kod ɗin da aka rubuta shi da shi, ka nemo sunayen ƙofofin.

A Windows, abin da kake son gani shi ne WASAPI, wanda ya zo tare da Windows Vista, ko XAudio2 da ke zaune a kansa. Laburaren da DirectSound kaɗai ya sani zai fitar da sauti har yau, amma ta hanyar kwaikwayo ne, kuma alama ce cewa an daɗe ba a taɓa shi ba. Idan XAudio2 ne, duba siga. Sigar 2.7 ta tsohon kunshin DirectX ce na watan Yunin 2010, kuma sai an saka ta daban a kwamfutar ɗan wasa, 2.8 ta zo da Windows 8, 2.9 kuma da Windows 10. Microsoft na ba da kunshin 2.9 da za ka iya haɗawa da wasanka, wanda ke aiki har zuwa Windows 7 SP1. Haka nan ka tabbata laburaren yana buɗe WASAPI a yanayin tarayya, wanda ke barin wasu manhajoji su yi sauti tare da wasan. Yanayin keɓancewa yana rage jinkiri, amma yana toshe bakin manhajar hira da ɗan wasa ke magana da abokansa a cikinta, kuma wasa ba shi da hujjar yin haka.

A macOS da iOS, ƙofar ita ce Core Audio. Idan laburaren yana dogara ne da sigar OpenAL, wani tsohon laburaren sauti, da Apple ke sakawa cikin babbar manhajarsa, ka yi hattara, domin Apple ya sanya shi cikin jerin abubuwan da ya daina bunƙasawa tun macOS 10.15 na 2019. Mai son OpenAL a can ya gina OpenAL Soft, sigarsa mai buɗaɗɗen rubutun tushe, ya tafi da nasa.

Linux ya fi kowa yawan ƙofofi: ALSA a ƙasa, sai PulseAudio, JACK da PipeWire a samansa. Fedora 34 ta koma PipeWire a 2021, Ubuntu ta bi a sigar 22.10. Da yake PipeWire yana amsa kiran da aka yi wa PulseAudio da na ALSA, laburaren da ya iya PulseAudio kuma yake iya faɗawa kan ALSA idan bai same shi ba ya wadatar. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne buɗe na'urar ALSA mai suna hw:0 kai tsaye. Yin haka ko dai ya ƙi buɗewa saboda PipeWire ya riga ya riƙe katin, ko ya ƙwace katin daga duk sauran manhajoji. Na'urar da ake kira default ita za ka buɗe.

A Android, tsohuwar ƙofa ita ce OpenSL ES, wadda Google ya daina bunƙasawa, sabuwar kuma AAudio da ta zo da Android 8.0 a 2017. Laburaren Oboe na Google yana zaɓen AAudio daga Android 8.1 zuwa sama, ya koma OpenSL ES a tsofaffin wayoyi, kuma yana ɗauke da gyare-gyaren kurakuran wasu wayoyi da ba za ka so ka gano su ɗaya bayan ɗaya da kanka ba. A burauza kuwa Web Audio ne, kuma burauza ba ta barin sauti ya fara sai ɗan wasa ya taɓa allo ko ya danna wani abu, don haka wasan yana buƙatar maɓallin farawa ko da ba ya buƙatarsa a wasu na'urorin.

Abu na ƙarshe a wannan matakin, wanda a ganina ya fi duk sauran nauyi: ka zaɓi laburaren da ke gauraya sauti a cikin furosesa, ba wanda ke jingina da wata baiwa ta katin sauti ba. Tarihi ya riga ya yanke wannan hukunci. A ƙarshen shekarun 1990 wasanni sun dogara da A3D na kamfanin Aureal da EAX na Creative don sautin zagaye da amsa-kuwwa. Aureal ya durƙushe a 2000, Creative ya saye kadarorinsa, A3D ya mutu. Sannan Windows Vista, da ta fito kasuwa a 2007, ta cire hanyar da DirectSound3D ke bi kai tsaye zuwa katin sauti, sai wasannin da ke amfani da EAX ta wannan hanyar suka wayi gari ba amsa-kuwwa ba sautin zagaye, har sai da Creative ya fito da ALchemy don ya juya kiran zuwa OpenAL. Wasannin da suka gauraya sautinsu da kansu ba su ma san an yi wani canji ba.

Mataki na 3: Binciki mai laburaren da lasisinsa

Laburare na iya yin kyau yau amma ya zama maraya gobe, don haka ka duba abu uku: wa ke kula da shi, yaushe aka gyara shi na ƙarshe don wata sabuwar na'ura, da kuma ko kana da damar samun rubutun tushensa.

Labarin OpenAL ya isa misali. Kamfanin Loki Software ne ya fara shi don kai wasannin Windows zuwa Linux, kamfanin ya rufe a farkon 2002, aikin ya koma hannun Creative, wanda daga baya ya rufe rubutun tushen tasa sigar kuma ya daina sabunta ta. Abin da ya raya OpenAL shi ne OpenAL Soft, wanda aka gina a buɗe ƙarƙashin lasisin LGPL, kuma shi ne kusan kowa ke nufi yau idan ya ce OpenAL. Kamfanoni ma suna canza hannu: Sony Interactive Entertainment ya sayi Audiokinetic, mai Wwise, a 2019, Epic Games kuma ya sayi RAD Game Tools, mai Miles Sound System, a 2021. Sayen kamfani ba lallai ya zama mutuwar laburare ba, Wwise na nan yana fitar da sigogi ga na'urori da yawa, amma yana nuna maka cewa wanda ka ƙulla yarjejeniya da shi yau ba lallai shi ne mai yanke shawara bayan shekara biyar ba.

Ga yadda nake auna su. FMOD na kamfanin Firelight Technologies da Wwise su ne zaɓin wanda ke da mai tsara sauti na musamman, ko wanda ke nufin na'urorin wasa na talabijin. Sai dai ka karanta lasisinsu da kyau, musamman sharaɗin samun rubutun tushe da abin da ake biya kan kowace na'ura, domin sharuɗɗan suna canzawa. miniaudio, wanda fayil ɗaya ne na yaren C kuma kana iya ɗaukarsa a matsayin mallakar jama'a ko ƙarƙashin MIT-0, ya fi dacewa da ƙaramar ƙungiya da ke son ta riƙe komai a hannunta. SoLoud da SDL suna ƙarƙashin lasisin zlib. Steam Audio, mai lissafin yadda sauti ke ratsa bango da ɗakuna, Valve ya buɗe rubutun tushensa a 2024 ƙarƙashin Apache 2.0, amma shi ƙari ne a kan wani laburaren, ba ya maye gurbin hawan ƙasa.

Gargaɗi game da LGPL: lasisin yana buƙatar ɗan wasa ya iya musanya laburaren da tasa sigar. A kwamfuta wannan ba wahala, ka ajiye shi a matsayin fayil ɗin DLL ko .so daban. A na'urar da ake dunƙule komai cikin fayil ɗaya a kuma kulle shi, cika sharaɗin yana da wuya, kuma gara ka san haka kafin ka rubuta rabin wasan.

Idan laburaren na mutum ɗaya ne, wannan kaɗai ba dalilin gudunsa ba ne, matuƙar rubutun tushen a buɗe yake kuma bai fi ƙarfin karatunka ba. Wanda nake gudu shi ne rufaffen laburare na mutum ɗaya ko ƙaramin kamfani, wanda fayil ɗin da aka riga aka gina kawai ake ba ka.

Mataki na 4: Gina siririn shinge da ƙaramin shirin gwaji

Kafin ka saka laburaren cikin wasa, rubuta fayil ɗaya mai ɗauke da ayyukanka na kanka: buɗe sauti, rufe sauti, loda fayil, kunna, tsayar, saita ƙarfi, saita matsayi. Sauran wasan waɗannan kaɗai zai riƙa kira, kuma sunan laburaren ba zai fito a ko'ina ba sai cikin wannan fayil ɗin. Kada shingen ya yi kauri. Masu farawa sukan so su kwafi duk abin da laburaren ya iya, sai su ƙare da laburare na biyu da su ma sai sun kula da shi. Abin da wasanka ke amfani da shi kawai za ka saka.

A bayan shingen ka tanadi hanya ta biyu wadda ba ta fitar da sauti ko kaɗan amma tana amsa kowane kira kamar komai lafiya. Ita wasan zai koma idan ba a sami na'urar sauti ba. miniaudio da SDL da OpenAL Soft duk suna da irin wannan ƙofar ta banza a cikinsu.

Sannan ka rubuta ƙaramin shiri da ke kunna amo ɗaya mai tsawo na 440 Hz ba tsayawa, yana yin ƙara gajera duk lokacin da aka danna maɓalli, kuma yana rubuta a fayil ɗin rahoto sunan ƙofar da aka buɗe, sunan na'urar, yawan samfur a daƙiƙa (wato ƙananan gutsattsarin sauti nawa ake turawa kowace daƙiƙa), yawan tashoshi da girman bafa (wurin da sauti ke jira kafin na'ura ta fitar da shi). Dalilin amo ɗaya shi ne kunne yana kama ƙaramar tsinkewa a cikinsa nan take, alhali kiɗa yana ɓoye ta. Ka rubuta abin da na'urar ta ba ka, ba abin da ka roƙa ba, domin sau da yawa sukan bambanta. Mai amfani da OpenAL Soft ya saita ALSOFT_LOGLEVEL zuwa 3 zai ga cikakken bayani, kuma da ALSOFT_DRIVERS zai iya tilasta ƙofar da yake so ya gwada. A SDL 2 sunan abin da ake saitawa SDL_AUDIODRIVER ne.

Mataki na 5: Cire, saka, canza, katse

Wannan shi ne gwajin da ke raba laburare mai kyau da mai kyan gani. Ka bar amon yana tafiya, sannan ka yi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta abin da ya faru.

Cire katin USB yana tsakiyar sauti, ka jira, ka mayar. Haɗa hedifon na Bluetooth, ka kashe shi. Canza na'urar da babbar manhaja ke fitar da sauti ta cikinta daga saitunanta. Idan sauti na fita ta HDMI, kashe allon ko ka bar shi ya yi barci, domin na'urar sautin takan ɓace tare da hoton. Sa kwamfutar barci ka tashe ta. A ƙarshe kashe duk na'urorin sauti daga saituna, sannan ka buɗe shirin.

Sakamakon da kake nema shi ne sauti ya koma sabuwar na'ura da kansa cikin ɗan lokaci, kuma idan babu na'ura shirin ya ci gaba shiru ba tare da ya faɗi ko ya daskare ba. Kowace ƙofa tana da yadda take sanar da kai. WASAPI yana mayar da kuskuren AUDCLNT_E_DEVICE_INVALIDATED, XAudio2 yana kiran OnCriticalError, AAudio yana ba da AAUDIO_ERROR_DISCONNECTED, OpenAL Soft kuma yana da ƙarin ALC_EXT_disconnect don gano yankewa da ALC_SOFT_reopen_device don komawa wata na'ura ba tare da sake loda sautuka ba. SDL 3, wanda sigarsa tabbatacciya ta farko ta fito a Janairun 2025, yana bin na'urar da babbar manhaja ta zaɓa da kansa idan ita ka buɗe. Idan laburarenka bai yi wannan aikin ba, dole ka yi shi a shingenka: ka kama sanarwar, ka ɗaga tuta, wato ka sa alama a cikin kod cewa na'urar ta tafi, sannan wani zaren aiki daban, wato sashen shirin da ke gudana a gefe, ya rufe na'urar ya sake buɗewa. Kada ka rufe ta daga cikin aikin da ya kawo sanarwar, musamman a AAudio, inda takardunsa suka hana hakan ƙarara.

Akwai kuskure ɗaya da ke ɓuya har sai an yi wannan gwajin. Wasu wasanni suna jiran wata magana ko kiɗa ya ƙare kafin su wuce zuwa fage na gaba. Idan na'urar ta ɓace, sautin ba zai taɓa ƙarewa ba, wasan kuma ya tsaya cak. Duk inda wasa ke jiran sauti, ka haɗa masa agogo na daban wanda zai sake shi idan lokaci ya cika.

Bluetooth yana buƙatar kulawa ta musamman. Jinkirinsa yakan wuce milisakan 100, kuma ba laifin laburare ba ne, don haka wasan da ya dogara da bugun kiɗa yana buƙatar allon daidaita jinkiri a saitunansa. Haka kuma da zarar wata manhaja ta buɗe makirufon hedifon ɗin, yakan sauka daga yanayin kiɗa zuwa yanayin kiran waya, mai tasha ɗaya da 8,000 ko 16,000 Hz. Ka gwada wannan da gangan, ka ga ko laburaren ya bi canjin.

A waya ka ƙara gwaji uku: a kira wayar wasa na tafiya, ka fita zuwa wata manhaja ka dawo, ka kulle allo ka buɗe. A iOS, AVAudioSession ne ke sanar da katsewa da ƙarewarta, kuma rukunin da ka zaɓa masa shi ke yanke ko wasan zai mutunta maɓallin shiru da kiɗan da ɗan wasa ya kunna a wata manhaja.

Mataki na 6: Yawan samfur, tashoshi da bafa

Yawancin na'urorin yau a 48,000 Hz suke aiki, amma za ka haɗu da 44,100, da 96,000, har da 192,000 a katunan masu harkar kiɗa. Canza wannan a saitunan Windows ko a Audio MIDI Setup na macOS, ka sake kunna amon. Idan muryar amon ta canza, ba a daidaita yawan samfur ba: fayil na 44,100 da aka tura a matsayin 48,000 yana gudu da sauri kusan kashi 9 cikin 100, kuma kunne yana ji. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ajiye sautukanka a 48,000, ka buɗe na'urar a kan abin da ta ce ita take so, ka bar laburaren ya daidaita tsakani.

Game da tashoshi, tsarin jerinsu ba ɗaya ba ne ko'ina. A tsarin 5.1, fayil ɗin WAV da Windows suna sa tashar tsakiya ta uku, Vorbis yana sa ta ta biyu, ALSA kuma bisa al'ada ta biyar. Idan aka rikita su, maganar 'yan wasan kwaikwayo da ke tashar tsakiya sai ta fito daga baya ko ta ɓace. Yi fayil a Audacity inda murya ke faɗin sunan kowace tasha a cikin tasharta. Idan ba ka da lasifika shida, sa laburaren ya rubuta abin da ya gauraya cikin fayil ɗin WAV mai tashoshi shida, kamar yadda FMOD da OpenAL Soft ke iya yi, ka buɗe shi a Audacity ka duba da ido. Ka kuma saurari wasan a tasha ɗaya tak, domin wayoyi da yawa haka suke. Mai amfani da OpenAL ya tuna cewa sautin tasha ɗaya kaɗai OpenAL ke sanyawa a matsayi cikin fili. Fayil mai tashoshi biyu zai fito daidai ko'ina abin yake.

Bafa lissafinta a bayyane yake: raba yawan firam ɗin da ke cikinta (firam shi ne samfur ɗaya na kowace tasha) da yawan samfur. Firam 512 a 48,000 Hz milisakan 10.7 ne, 256 kuwa 5.3, 1,024 kuma 21.3. Ƙaramar bafa tana rage jinkiri amma tana ƙara haɗarin tsinkewa. Ka gwada a tsohuwar kwamfutar, lokacin da wasa ke loda fage mai nauyi, ka zaɓi girman da ba ya tsinkewa a can, sannan ka bar hanyar canza shi a fayil ɗin saituna. Idan sauti na tsinkewa ko da bafa babba ce, duba aikin da babbar manhaja ke kira don cika bafar. A cikinsa ba a karanta fayil, ba a neman sabuwar ƙwaƙwalwa, ba a jiran makullin da zaren wasa ke riƙe da shi, ba a rubuta rahoto.

Mataki na 7: Zaɓi tsarin fayil da ba ya jingina da babbar manhaja

Gajerun ƙararraki a WAV, kiɗa da dogayen maganganu a Ogg Vorbis ko Opus, kuma abin da ke warware su ya kasance cikin wasanka. Kada ka dogara da na babbar manhaja: sigogin Windows masu alamar N da ake sayarwa a Turai ba sa zuwa da kayan kunna sauti da bidiyo na Microsoft sai an saka su daban. Ainihin sautukan da ba a matse ba ka ajiye su a WAV ko FLAC a wani wuri, domin daga gare su za ka sake fitar da komai idan ka canza laburare.

Mataki na 8: Haɗa laburaren cikin kunshin wasa

Ka gwada kunshin ƙarshe a kwamfutar da ba a taɓa saka kayan gina manhaja a cikinta ba, domin taka tana ɗauke da fayilolin da ta ɗan wasa ba ta da su. A Windows, mai amfani da OpenAL Soft ya ajiye fayil ɗinsa kusa da na wasan da sunan OpenAL32.dll, don kada wasan ya ɗauki wata tsohuwar siga da wani wasa ya bari a cikin kwamfutar. A Linux, umarnin ldd zai nuna maka abin da wasan ke nema. Idan ka ga libpulse a jerin, wasan ba zai ma buɗe ba a inda babu shi, don haka gara laburaren da ke neman ƙofofi bayan ya tashi, kamar yadda SDL da miniaudio ke yi. Ka gina a kan Steam Linux Runtime ko tsohuwar sigar Linux, domin abin da aka gina da sabuwar glibc, laburaren tushe na Linux, ba ya hawa tsohuwa. Idan sigar Windows kaɗai za ka fitar, ka gwada ta a Proton, manhajar da ke tafiyar da wasannin Windows a Linux, saboda masu Steam Deck, na'urar wasa ta hannu. A can FAudio ne ke tsayawa a madadin XAudio2.

Inda lasisi ya yarda, ka bar laburaren a matsayin fayil daban maimakon dunƙule shi cikin wasa. Wasannin SDL 1.2 da yawa suna aiki yau ne saboda ana iya musanya fayil ɗin da sdl12-compat, wanda ke juya tsofaffin kira zuwa sabon SDL, ba tare da an taɓa wasan ba.

Mataki na 9: Adana abin da za ka buƙata don sake ginawa

Masu manyan manhajoji sukan tilasta sake gini lokaci zuwa lokaci. iOS 11 ta daina karɓar manhajojin 32-bit a 2017, macOS 10.15 ta bi a 2019, Google Play ya wajabta sigar 64-bit daga Agustan 2019, Apple ya fara komawa furosesar ARM a kwamfutocinsa a 2020, Android 15 kuma ta kawo wayoyi masu shafin ƙwaƙwalwa na 16 KB, wanda ke buƙatar a sake gina fayilolin .so. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, mai rubutun tushe ya sake gini ya wuce, mai rufaffen fayil kuwa sai ya jira mai laburaren.

Saboda haka ka kwafi ainihin sigar laburaren da kake amfani da ita cikin ma'ajiyar Git ɗinka, maimakon umarnin da ke sauko da sabuwa daga intanet duk lokacin gini. Tare da ita ka ajiye takardar lasisin kamar yadda take ranar da ka karɓa, da sigar kwamfaila, da umarnin gini. Mai amfani da FMOD ko Wwise ya ajiye fayil ɗin saka manhajar tsara sautin na wannan sigar da cikakken aikin sautin, domin kundayen sautin da suke fitarwa sukan kasance ɗaure da babbar sigar da ta gina su, kuma hawa sabuwar babbar siga yana iya buƙatar sake fitar da kundayen gaba ɗaya.

Kada ka sabunta laburare ana gab da sakin wasa sai idan wani takamaiman kuskure ya tilasta. Bayan saki kuwa, duk lokacin da Apple, Google ko Microsoft suka fitar da sigar gwaji ta babbar manhajarsu, ka hau da ƙaramin shirin mataki na 4 a kanta, ka maimaita gwaje-gwajen mataki na 5 da na 6, ka kwatanta da abin da ka rubuta a baya. Idan ka yanke shawarar sabunta laburaren, yi shi a reshen Git daban, ka karanta jerin canje-canjen kowace siga da ka tsallake, kuma ka bar tsohuwar sigar wasan a inda 'yan wasa za su iya komawa gare ta. Steam yana ba da damar ajiye ta a matsayin reshe na daban da ɗan wasa zai zaɓa daga saitunan wasan.